Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Hasashen Tafiyar Ciyawar Sargasum a Tekun Atilantika

Zuwa ga hukumar nazarin teku ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin UNESCO, da sakatariyoyin Yarjejeniyar Abidjan da ta Cartagena masu kare muhallin tekun yammacin Afirka da na Karibiyan, da hukumomin hasashen yanayi na ƙasashen da ke gaɓar Atilantika, da cibiyoyin da ke ba da kuɗin binciken teku.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa ma'aikatan wannan fanni ne. A cikinmu akwai masu nazarin kwararar ruwan teku, da masu fassara hotunan tauraron ɗan'adam, da masu horar da kwamfuta ta koyi hasashe daga tarin bayanai. Muna magana da yawun kanmu, kuma da yawun mutanen da hasashenmu ke taɓa abincinsu da lafiyarsu: masunta, ma'aikatan share gaɓa, jami'an lafiya na garuruwan bakin ruwa, da masu kula da tashoshin da ke zuƙar ruwan teku don tacewa ko don sanyaya injinan wutar lantarki. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, hankali da kuɗi sun karkata ga sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za su faɗi inda ciyawar sargasum ta nufa, amma an bar awon da za a koyar da manhajojin da shi, kuma a gwada gaskiyarsu da shi, a baya. Muna goyon bayan wannan fasaha, da ita muke aiki. Saboda haka ne ma muke tsoron a gina ta a kan abin da ba a auna ba.

Kun san girman lamarin. Wannan ciyawa, nau'o'i biyu da masana ke kira Sargassum natans da Sargassum fluitans, ba ta da saiwa, ba ta kama ƙasa. Ƙananan ƙwallaye masu iska da ke jikinta ne ke riƙe da ita a saman ruwa tun daga tsirowarta har mutuwarta. Tun zamanin Kolumbus a 1492 aka san ta a Tekun Sargaso da ke arewacin Atilantika. Daga 2011 ne ta fara yin wani sabon taro a kudu da can, daga gaɓar Afirka ta Yamma har Karibiyan da Mashigin Meksiko. Masu bincike na Jami'ar Fulorida ta Kudu sun auna fiye da tan miliyan 20 a watan Yunin 2018, a shimfiɗe tsawon kilomita 8,850. A Yunin 2022 ta wuce tan miliyan 24, a Mayun 2025 kuma ta haura miliyan 37. A tsakiyar teku alheri ce, mafakar 'ya'yan kunkuru da ƙananan kifaye. Idan ta taru a gaɓa, cikin kimanin awa 48 take fara ruɓewa tana fitar da amoniya da iskar haidurojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tsakanin Janairu da Agustan 2018 likitoci a tsibiran Gwadalup da Matinik na Karibiyan sun rubuta fiye da mutum 11,000 da wannan iska ta taɓa lafiyarsu. A wannan shekarar Barbados ta ayyana dokar ta-ɓaci, kuma a Yulin 2022 Tsibiran Virgin na Amurka suka yi haka bayan ciyawar ta toshe bututun tashar tace ruwan sha ta tsibirin St. Croix. A Saliyo, Kodebuwa, Gana da Najeriya kuwa, masunci ne ke jawo taru cike da ciyawa maimakon kifi, farfelar injinsa ta sarƙe, ya yini yana tsintar raga.

Duk waɗannan mutane tambaya ɗaya suke mana: yaushe za ta iso, a wace gaɓa, kuma yaya yawanta? Ga dalilan da suka sa har yau amsarmu ba ta kai yadda ya kamata ba.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne ƙarancin sawun ciyawar kanta, wato awon hanyar da take bi a teku. Abubuwa uku ke tura tabarmar sargasum, wato tarinta da ke shimfiɗe a saman ruwa: kwararar ruwan da take zaune a ciki, iskar da ke bugun abin da ya leƙo sama da ruwa, da ɗan turin da raƙuman ruwa ke yi wa duk abin da ke yawo a samansu. Rabon iska shi ne abin da ya fi ba mu wahala. A binciken da aka wallafa, ana ƙara wa gudun ruwa wani kaso na gudun iska, daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 3 cikin ɗari, kowane rukuni da nasa adadin. Wannan tazara tana kama da ƙarama, amma a yi lissafi. Iskar da ke kaɗawa daga gabas a wannan yanki takan yi gudun mita 7 a daƙiƙa. Kashi 1 na wannan santimita 7 ne a daƙiƙa, wato kilomita 6 a yini. Kashi 3 kilomita 18 ne. Bambancin kilomita 12 ke nan kowace rana, kilomita 60 a kwana biyar. Tsawon tsibirin Barbados gaba ɗaya kusan kilomita 34 ne. Wato zaɓin lamba ɗaya tak ya isa ya sa taswira ta nuna ciyawa ta dira a tsibiri ko ta wuce shi ba ta taɓa ba. Kuma adadin ba tsayayye ba ne: sabuwar ciyawa mai cikakkun ƙwallaye tana zama sama, tsohuwa da ƙananan halittu suka manne wa tana nutsewa kaɗan, tabarma mai kauri ba ta tafiya kamar ɗan curi guda.

Nan ne koyon na'ura ke da amfani na gaske, domin zai iya gano yadda rabon iska ke canzawa da ƙarfin iska, tsayin raƙuman ruwa da girman tabarma. Amma daga me zai koya? Babban rumbun da muke da shi na abubuwan da ke yawo a teku shi ne na shirin hukumar NOAA ta Amurka, mai na'urori fiye da dubu ɗaya a tekunan duniya. An ƙera su da doguwar jaka mai ramuka da ke rataye a zurfin mita 15, da gangan, don kada iska ta ja su. Ruwan da ke mita 15 ba shi ne ruwan da ciyawa ke ciki ba. Ita tana cikin 'yan santimitocin sama. Waɗanda jakarsu ta tsinke sun fi kusa da tafiyar ciyawa, amma su ma ƙwallo ne mai santsi da kansa ke waje. An yi gwaje-gwaje masu kyau da na'urar GPS da aka cusa a cikin tabarma ta gaske ko aka ɗaura wa ciyawar roba, sai dai kaɗan ne, na 'yan kwanaki ko makonni, kuma yawancinsu a yammacin teku. Na'urar takan zame daga tabarmar, daga nan sawun da take aikowa nata ne, ba na ciyawa ba, kuma idan ba a san ranar da ta zame ba sai a koyar da manhaja da bayanin da ya gurɓata.

Saboda wannan giɓi, aiki da yawa yana komawa ga koyar da manhaja da sawun da wata kwamfutar ta ƙirƙira. Masu bincike a Jami'ar Mayami sun gina lissafi mai zurfi da ke ɗaukar tabarma a matsayin curi-curi da ke haɗe da juna, kowane curi da nauyinsa da yadda iska da ruwa ke jansa. Aiki ne mai daraja, kuma horar da manhaja a kansa yana rage tsadar lissafi ƙwarai. Amma manhajar da ta koyi kwaikwayon lissafi ta gaji duk kuskuren lissafin, ta kuma maimaita shi da sauri. Idan aka ce ta yi daidai, da lissafin ta yi daidai. Teku bai riga ya ba da tasa shaidar ba.

Koke na biyu ya shafi idon da muke kallon ciyawar da shi. Tauraron ɗan'adam yana gane sargasum ne saboda tana mayar da hasken da ke gaba da ja, wanda ruwa ke shanyewa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, AFAI, yana kwatanta zangon haske na nanomita 748 da na 667 da 869 a kyamarar tauraron ɗan'adam mai suna MODIS. Ɗigon hoto ɗaya a nan murabba'in kilomita ɗaya ne, kuma sai ciyawa ta rufe kusan kashi 0.2 cikin ɗari na ɗigon kafin a gan ta. Wannan murabba'in mita 2,000 ne. Da awon da aka saba amfani da shi na kilo 3.34 na ɗanyar ciyawa a kowane murabba'in mita, kusan tan 7 na iya ɓoyewa a ɗigo guda hoton ya nuna ruwa tsaf. Idan iska ta yi ƙarfi ta danna tabarma ƙarƙashin ruwa, sai ta ɓace daga hoto, ta sake bayyana bayan an lafa. Ga gajimare, wanda ya fi yawa daidai inda iskokin arewa da kudu ke haɗuwa, wato daidai inda ciyawar ke taruwa. Ga ƙyallin rana a kan ruwa, ga ƙurar Sahara da ke dusashe hoto a gabashin teku. Kusa da gaɓa kuma hasken tudu da ƙasan ruwa mara zurfi suna ruɗa ma'aunin, har a kan share kilomitoci da dama na bakin teku daga taswira. Tauraron Sentinel-2 yana gani dalla-dalla, mita 10, amma sau ɗaya a kwana biyar yake dawowa, kuma ba ya ɗaukar tsakiyar teku.

Kuskuren da ke biyo baya sananne ne a wajenmu. Wurin da gajimare ya rufe sai a cike shi da sifili, manhaja ta karanta "ba a gani ba" a matsayin "babu". Daga nan ta koyi cewa ciyawa tana mutuwa duk lokacin da hadari ya haɗu. Ko kuma a haɗa hotunan kwana bakwai a taswira ɗaya don toshe ramukan. Tabarmar da ke tafiyar kilomita 25 a yini ta yi kilomita 175 a mako, sai ta fito a taswira a wurare uku ko huɗu, kuma wanda zai fara hasashe daga wannan taswira bai san wanne ne wurinta na yau ba. A kan wannan kuma, taurarin Terra da Aqua da ke ɗauke da MODIS tun 1999 da 2002 sun tsufa, lokacin wucewarsu yana zamewa. Manhajar da ta saba da launukan MODIS ba za ta karanta na sababbin kyamarori irin VIIRS ko OLCI daidai ba sai an daidaita su da juna tun duka suna aiki.

Na uku, taswirar kwararar ruwa da muke zuba wa manhajoji ba ta ganin abin da ke kai ciyawa gaɓa. Manyan tsare-tsaren kwamfuta masu lissafa kwararar tekunan duniya irin su HYCOM da na Mercator suna raba teku gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9. Sun san manyan hanyoyi: kwararar da ke bin gaɓar arewacin Burazil da manyan da'irorin ruwa da take yankewa tana turawa wajen Karibiyan, da wadda ke komawa gabas a arewa da Ikwaita tana ƙarfafa daga tsakiyar shekara tana ɗauko ciyawa zuwa Afirka, da kwararar Gini. Amma da'irar da aka ajiye a taswira nesa da ainihin wurinta za ta juya ciyawa zuwa wata nahiya dabam, kuma kuskuren santimita 10 a daƙiƙa kawai kusan kilomita 9 ne a yini. Kilomita 20 na ƙarshe kuwa, inda cika da janyewar teku, iskar rana da ta dare, duwatsun murjani da siffar mashigi ke yanke hukunci, gida biyu ne kacal a taswirar. Na'urar rada ta gaɓa tana auna kwararar saman ruwa kowace awa, kuma akwai ta a wurare irin su Puerto Rico, amma yawancin gaɓar da ciyawa ke dira babu ita.

Wannan ya kawo mu ga rashin daidaito tsakanin gaɓoɓin biyu. A yamma akwai rahoton wata-wata na Jami'ar Fulorida ta Kudu, akwai taswirar haɗarin dira ta NOAA, akwai sanarwar da hukumar yanayi ta Faransa ke fitarwa don Matinik da Gwadalup da Giyana, akwai rahoton cibiyar CERMES ta Jami'ar West Indies a Barbados. A gabas, inda gajimare da ƙura suka fi yawa, inda kuma ruwan Ikwaita ke korar na'urorin yawo daga yankin, bayanai sun fi ƙaranci ta kowace fuska. Manhajar da aka horar da bayanan Karibiyan aka kawo Mashigin Gini tana aiki a ruwan da ba ta taɓa gani ba, inda iskar damina ke busowa daga kudu maso yamma. Wannan rashi yana cutar da yamma ma, domin ciyawar da ta yi kaka a gabas da tsakiyar teku tana cikin irin da ke tasowa Karibiyan a shekara mai zuwa.

Koke na huɗu a kan abokan aikinmu ne da masu karɓar aikinsu: yadda ake gwada manhajoji. Akwai hanyoyi uku da sakamako ke yin kyau a takarda ya gaza a teku. Ta farko ita ce a gauraya bayanai a raba su barkatai, kashi 80 na koyo, kashi 20 na gwaji. Tunda wurin da na'ura take da ƙarfe 9 da wurin da take da ƙarfe 10 kusan ɗaya ne, manhajar ta riga ta ga amsar jarrabawa. Dole a ware sawu sukutum, shekara sukutum, yanki sukutum, kada manhaja ta taɓa ganinsu. Ta biyu ita ce faɗin "kashi kaza daidai" a kan dirar ciyawa. Idan a wata gaɓa ciyawa tana zuwa kwana ɗaya cikin goma, manhajar da kullum take cewa "ba za ta zo ba" ta ci kashi 90, alhali ba ta gargaɗi kowa ba. Abin da ya kamata a faɗa shi ne sau nawa ta zo kuma an yi gargaɗi, sau nawa aka yi gargaɗi ba ta zo ba. Ta uku ita ce rashin kwatantawa da hanya mai sauƙi. Kafin a yaba wa kowace manhaja, a tambaya ko ta fi lissafin "kwararar ruwa da kashi 1 na iska", kuma ko ta fi cewa "gobe kamar yau". Wadda ba ta fi waɗannan biyu ba, ba ta cancanci kuɗin jama'a ba, komai sunan fasahar da ke cikinta.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa wa masu mulki ƙarara. Na'ura tana koyo daga abin da ya taɓa faruwa, tarihin wannan taro kuwa bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma shekarun ba su yi kama da juna ba. A 2013 kusan ba a ga ciyawar ba. A Maris na 2023 an auna kusan tan miliyan 13, abin da ba a taɓa gani a watan Maris ba kafin nan, amma zuwa Yuni wadda ke Mashigin Meksiko ta ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari, fiye da yadda masu sa ido suka zata. Farkon lamarin ma, bisa bayanin da masana da yawa suka karɓa, wata baƙuwar iska ce ta hunturun 2009 zuwa 2010 ta tura ciyawa gabas daga Tekun Sargaso har ta gangaro kudu. Babu manhajar da aka horar da bayanan kafin 2011 da za ta hango haka. Ciyawar kuma rayayya ce: idan zafi da abinci sun yi mata daidai tana iya ninka kanta cikin mako biyu zuwa uku, don haka hasashen wata ɗaya da ya lissafa tafiya bai lissafa girma da mutuwa ba ya bar rabin aikin. Ra'ayinmu shi ne a bar dokokin motsin ruwa su riƙe ginin, a sa koyon na'ura ya gyara abin da suka kasa. Manhaja irin LSTM tana da ƙarfin tuna abin da ya gabata a sawu, amma ba ta faɗin dalilinta. Hanya irin SINDy tana fitar da gajeren lissafi da masani zai karanta ya ce wannan sashe na iska ne, wannan na juyin ruwa ne, wannan kuma bai yi ma'ana ba. Inda za a kashe kuɗin gwamnati ko a rufe gaɓa saboda hasashe, muna fifita abin da za a iya bincika dalilinsa.

Sakamakon duk wannan yana sauka a kan mutane. Shingen da ake shimfiɗawa a kan ruwa don tare ciyawa yana buƙatar jirage, anka da ma'aikata, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan gargaɗi ya makara, ciyawa ta riga ta ruɓe, sai a shigo da manyan motocin kwasa su tafi da yashin gaɓa da ƙwan kunkuru, a jibge ta inda ruwanta mai ɗauke da gubar asanik zai tsiyaye cikin ƙasa. Idan gargaɗin ƙarya ya yi yawa, masunci ya rasa kwanakin kamu a banza, karo na uku kuma ba zai saurara ba.

Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a kafa shirin auna sawun ciyawa na aƙalla shekara biyar, a riƙa saka na'urorin GPS ɗari biyu ko fiye a tabarmi na gaske kowace shekara, kashi ɗaya cikin uku a gabashin teku. Kowace na'ura ta aiko wurinta kowace awa. A rubuta girman tabarmar, nau'in ciyawar, da yawan abin da ya leƙo sama da ruwa daga jikin na'urar, a ɗauki hoto ranar sakawa, a kuma sa mata abin da zai nuna lokacin da ta rabu da ciyawa. Ba sai an yi hayar jirage na musamman ba. Jiragen da ke zuwa gyaran na'urorin PIRATA, shirin auna yanayin teku da Burazil da Faransa da Amurka ke gudanarwa tun 1997, suna ratsa yankin, haka jiragen sintiri da na masunta idan an horar da su an biya su haƙƙinsu.

Muna roƙon sakatariyoyin Abidjan da Cartagena su amince da fom guda na rubuta dirar ciyawa: wuri, rana, awa, tsawon gaɓar da ta rufe, faɗi da kaurin tarin, launinta, da hoto daga tsayayyen wuri ɗaya kullum. Muna jaddada abu ɗaya: a rubuta ranar da babu ciyawa kamar yadda ake rubuta ranar da take. Mutane suna ɗaukar hoto ne ranar da gaɓa ta cika, kuma rumbun da ba shi da ranakun "babu" ba zai iya auna gargaɗin ƙarya ba. Mai rubutun ya zama ma'aikaci mai alawus, ba mai sa kai da zai gaji bayan wata uku ba.

Muna roƙon hukumar UNESCO ta riƙe rumbun jarrabawa na bai-ɗaya, wanda masu gina manhaja ba za su ga amsoshinsa ba. Duk wanda ke son hukuma ta yi aiki da hasashensa ya miƙa shi kafin lokacin ya zo, a auna tazarar kuskure da kilomita bayan awa 24, 48, 72 da kwana 7, a raba sakamakon yanki-yanki da lokaci-lokaci, a buga shi kowa ya gani tare da na hanyoyi masu sauƙin nan biyu. Masu ba da kuɗi su sa wannan a sharaɗin kwangila, har da kamfanoni masu zaman kansu. A kuma wajabta cewa kowace taswira ta bambanta wurin da aka duba babu ciyawa da wurin da ba a iya dubawa ba, da launi dabam.

A ba da kuɗin daidaita MODIS da VIIRS da OLCI yanzu, a kuma kafa rada ta gaɓa da sabon awon zurfin ruwa a wuraren da asara ta fi tsanani: bakin tashoshin tace ruwa da na lantarki, manyan wuraren saukar kifi, da mashigan da ke kusa da gidajen jama'a.

Roƙonmu na ƙarshe a kan isar da saƙo ne. Hasashe ya fito da yiwuwa, a gudanar da shi sau hamsin ko ɗari ana ɗan canza iska da wurin farawa, a ce "sau bakwai cikin goma ta dira tsakanin wuri kaza da wuri kaza daga Laraba zuwa Juma'a", maimakon layi ɗaya a taswira da ke nuna tabbacin da babu shi. A raba shi gida uku bisa bukata: na kwana uku don shinge da ma'aikata, na mako biyu zuwa huɗu don haya da tanadin wurin zubarwa, na watanni don kasafin kuɗi. Ya bi ta rediyo da saƙon waya cikin harshen da masunta ke ji, daga hukumar yanayi ta ƙasarsu, a kuma san jami'in da alhakin fitar da shi ke wuyansa. Hakan na nufin a horar da ma'aikatan waɗannan hukumomi su iya gudanar da manhajar da sake horar da ita da kansu, a ba su kwamfutoci da intanet mai ɗaukar hotunan, a kuma sa aikin a kasafin dindindin, domin shirin shekara uku yakan ƙare daidai lokacin da bayanai suka fara taruwa. Muna kuma fatan a rubuta ƙarara cewa hasashen na kare gaɓa ne, ba na shiryar da jiragen girbi zuwa Tekun Sargaso ba, wanda ƙasashe suka yi alkawarin kiyayewa a Sanarwar Hamilton ta 2014.

A shirye muke mu zauna da ma'aikatanku a tsara fom ɗin gaɓa da ƙa'idojin jarrabawar, kuma muna roƙon a sa waɗannan batutuwa a ajandar taronku mai zuwa, kafin ciyawa ta fara tasowa a watan Maris.

Allah Ya taimake ku, Ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Masu nazarin kwararar teku da hasashen tafiyar sargasum